Ya Dace Gwamnati Ta Ceci Kamfanin Motoci Idan Ya Durƙushe? Tambayoyi da Amsoshi Kan Abin da Ya Faru a Detroit

Duk lokacin da tattalin arziki ya taɓarɓare, wani ƙaton kamfani ya fara kukan ba zai iya biyan albashi ba, sai a tado da zancen Detroit, birnin da ya zama cibiyar kamfanonin mota na Amurka a jihar Michigan. A 2008 da 2009 gwamnatin Amurka ta zuba kuɗin jama'a a cikin General Motors da Chrysler, kuma har yau ba a gama gardama a kai ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi maimaituwa a bakin masu son fahimtar lamarin.

Me ake nufi da gwamnati ta ceci kamfani?

Ana nufin gwamnati ta sa kuɗinta ko sunanta don hana kamfani mutuwa, a lokacin da bankuna da masu zuba jari suka juya masa baya. Wani lokaci rance take bayarwa kai tsaye. Wani lokaci ta tsaya wa kamfanin a gaban banki, ta ce idan ya kasa biya ita za ta biya. Wani lokaci kuma ta sayi hannun jari, ta zama cikin masu kamfanin. A Amurka an fara da rance, aka ƙare da gwamnati ta mallaki kusan kashi 61 cikin 100 na General Motors, wanda aka fi sani da GM.

Me ya jefa kamfanonin Detroit cikin wannan hali?

Ciwo biyu ne suka haɗu, tsoho da sabo. Tsohon ciwon na cikin gida ne. A farkon shekarun 1960 kusan rabin motocin da ake sayarwa a Amurka na GM ne. Zuwa 2008 kasonsa ya dawo wajen kashi 22, kuma a shekarar ce Toyota ya karɓe masa kambun kamfanin da ya fi sayar da mota a duniya, bayan ya riƙe shi shekara 77. Kasuwa ta ragu amma ɗawainiya ba ta ragu ba: masana'antu sun yi yawa, dillalai sun yi yawa, ga kuɗin fansho da na asibitin dubban ɗaruruwan tsofaffin ma'aikata da iyalansu. Ribar da ake samu kuma kusan duk daga manyan jif-jif da a-kori-kura masu zuƙar mai take fitowa.

Sabon ciwon ya zo daga waje. A watan Yulin 2008 gangar ɗanyen mai ta kai dala 147, galan ɗin fetur a Amurka ya haura dala 4, mutane suka guji manyan motoci. Kafin a farfaɗo, bankin Lehman Brothers ya rushe ranar 15 ga Satumba, rance ya ƙafe. Ba'amurke kuwa da bashi yake sayen mota, dillali ma da bashi yake cika filinsa. Motocin da aka sayar a ƙasar suka faɗo daga sama da miliyan 16 a 2007 zuwa miliyan 13.2 a 2008, sannan miliyan 10.4 a 2009. GM shi kaɗai ya yi asarar dala biliyan 30.9 a 2008.

Wannan bambanci na tsoho da sabon ciwo shi ne tushen gardamar duka. Mai kallon tsohon ciwon zai ce su suka ja wa kansu. Mai kallon sabon zai ce ko lafiyayye ne wannan guguwa sai ta girgiza shi, don Toyota ma ya yi asara a wannan shekarar.

Mene ne labarin jiragen sama da ake yawan ambata?

Ranakun 18 da 19 ga Nuwamban 2008 shugabannin kamfanonin uku, Rick Wagoner na GM, Alan Mulally na Ford da Robert Nardelli na Chrysler, suka bayyana gaban majalisar dokoki a Washington suna neman dala biliyan 25. Sai labari ya fita cewa kowannensu a jirgin alfarma na kamfaninsa ya zo, jirgi uku daga gari ɗaya zuwa gari ɗaya. Wani ɗan majalisa daga California, Brad Sherman, ya dube su ya ce duk wanda ya zo a jirgin haya ya ɗaga hannu. Suka zauna tsuru-tsuru, ba wanda ya motsa. Suka koma gida hannu rabbana.

Bayan mako biyu suka dawo, wannan karon a mota, tafiyar sama da kilomita 800, kowa a cikin motar kamfaninsa mai haɗa fetur da lantarki, da alkawarin karɓar albashin dala ɗaya a shekara. Sai dai ƙoƙon barar ya ƙara girma: yanzu biliyan 34 suke nema. Kuɗin jirgi ba komai ba ne a gaban asarar biliyoyi, amma ya nuna wa jama'a yadda manyan suka yi nisa da halin da ake ciki, kuma ya taimaka wajen tsananta sharuɗɗan da aka gindaya daga baya.

Wa ya ba da kuɗin, kuma nawa ne?

Mutane da yawa suna ɗauka aikin Obama ne shi kaɗai. George W. Bush ne ya fara. Majalisar wakilai ta amince da dala biliyan 14, amma ƙudurin ya mutu a majalisar dattawa ranar 11 ga Disamba. Ranar 19 ga wata Bush ya ciro dala biliyan 17.4 daga asusun TARP, wato biliyan 700 da aka ware don ceto bankuna: 13.4 ga GM, 4 ga Chrysler. Shugaban da jam'iyyarsa ke wa'azin a bar kasuwa ta yi halinta, shi da bakinsa ya amsa cewa ya ajiye aƙidar don ya ceci kasuwar kanta.

Gwamnatin Obama ta ɗora a kai a 2009. Jimillar abin da ya fita ya kusa dala biliyan 80: kimanin 49.5 ga GM, 12.5 ga Chrysler, 17.2 ga GMAC, kamfanin da ke ba masu saye da dillalai rance. Gwamnatin Kanada da ta lardin Ontario su ma sun sa dalar Kanada biliyan 13.7, saboda masana'antun da ke ɓangarensu na iyaka.

Me ya sa ba a bar su su je kotu kamar kowane kamfanin da ya karye ba?

Sun je. Wannan shi ne abin da ake yawan mantawa. Chrysler ya shiga kotun karyewar kamfanoni ranar 30 ga Afrilun 2009, ya fito 10 ga Yuni. GM ya shiga 1 ga Yuni da bashin dala biliyan 172 a kan kadarar biliyan 82, ya fito 10 ga Yuli. Abin da gwamnati ta yi shi ne ta riƙe su da kuɗi yayin da ake yi musu fiɗa.

A dokar Amurka akwai hanya biyu. Babi na 7 shi ne a rufe kamfani, a yi gwanjon kayansa, a raba wa masu bin bashi. Babi na 11 shi ne a bar shi yana aiki ƙarƙashin kulawar alƙali, a yafe wani bashin, a soke wasu kwangiloli, ya fito da sauƙin kaya. Kamfanonin jiragen sama na Amurka sun sha bin wannan hanya ta biyu suna fitowa. Amma Babi na 11 yana buƙatar wanda zai ba da rancen tafiyar da aiki a tsawon shari'ar, don albashi da kuɗin kaya ba sa jiran alƙali. GM yana buƙatar wajen dala biliyan 30. A farkon 2009 bankunan da za su iya ba da irin wannan rance su kansu a hannun gwamnati suke shan ruwa. Idan babu mai ba da rancen, Babi na 11 sai ya rikiɗe ya koma Babi na 7.

Mitt Romney, ɗan asalin Michigan wanda mahaifinsa ya taɓa shugabantar kamfanin mota, ya rubuta maƙala a jaridar New York Times a Nuwamban 2008 wadda aka sa wa kanun a bar Detroit ta karye. Idan ka karanta cikinta, ba rufewa ya nema ba: ya ce su bi ta kotu, gwamnati ta tsaya musu daga baya. Ya yi daidai a kan cewa miƙa wa tsofaffin shugabanni cek ba tare da gyara ba zuba ruwa ne a kwando. Inda hujjarsa ta yi rauni shi ne batun wa zai ba da kuɗin a wannan lokacin. Kanun nan ya bi shi har zaɓen shugaban ƙasa na 2012 da ya tsaya takara, inda ya sha kaye a Ohio da Michigan.

Idan GM ya mutu, ai Toyota da Honda za su maye gurbinsa. Ina asarar?

A cikin dogon lokaci haka ne, mutane ba za su daina sayen mota ba. Matsalar tana cikin watannin farko. Kamfanin mota ba shi ke ƙera yawancin abin da ke jikin motarsa ba. Kujeru, birki, gilashi, wayoyin lantarki, fitilu, duk daga wasu kamfanoni ake kawo su, kuma sau da yawa mai yi wa GM shi ke yi wa Ford da Toyota. A ce mai ƙera birki rabin cinikinsa da GM ne, GM ya rufe da bashinsa a kai: shi ma ya faɗi. Toyota kuma ba zai iya fitar da mota ba birki ba, kuma samun sabon mai ƙera wannan sashi daidai da ƙirar motar yana ɗaukar watanni. Masana'antun zamani ba sa tara kaya a sito, abin da za a ɗaura yau jiya ko yau aka kawo shi.

Shi ya sa Alan Mulally, wanda kamfaninsa bai karɓi kuɗin ceton ba, ya zauna gefen abokan hamayyarsa yana roƙa musu. Gemun maƙwabci ne ya kama wuta.

To yaya Ford ya tsira?

Bai fafe gora ranar tafiya ba. A ƙarshen 2006, lokacin da bankuna ke rabon rance kamar gyaɗa, Ford ya ciwo bashin dala biliyan 23.5, ya jinginar da kusan komai, har da shuɗin tambarin nan mai ɗauke da sunansa. A lokacin an ɗauka alamar mutuwa ce. Da guguwa ta zo, shi ne mai kuɗi a hannu. Ya kuma sayar da Jaguar da Land Rover ga Tata na Indiya a 2008. Amma a faɗi gaskiya, bai fita fes daga kuɗin gwamnati ba: a 2009 ya karɓi rancen dala biliyan 5.9 daga ma'aikatar makamashi don gyara masana'antunsa su riƙa fitar da motoci masu tattalin mai.

Akwai ƙorafin da ke da ƙarfi a nan. Ford ya ci gaba da ɗaukar bashinsa a ka, GM kuwa kotu ta sauke masa nasa. Wanda ya yi tanadi ya tashi da nauyi, wanda bai yi ba ya tashi sakayau.

Su wa suka ɗanɗana kuɗarsu a wannan ceto?

Masu hannun jarin tsohon GM sun tashi a tutar babu. Rick Wagoner, fadar White House ce ta ce ya sauka a ƙarshen Maris 2009. Cerberus, kamfanin zuba jarin da ya sayi kashi 80 na Chrysler daga Daimler a 2007, ya rasa abin da ya sa. An binne sunaye irin su Pontiac, Saturn da Hummer, aka bar Chevrolet, Cadillac, Buick da GMC. An rufe masana'antu fiye da goma.

Ranar 14 ga Mayun 2009 dillalan Chrysler 789 suka samu wasiƙa cewa daga 9 ga Yuni ba su ba sayar da sabuwar motar kamfanin. Yawancinsu kasuwancin gado ne a ƙananan garuruwa, kaka ya kafa, jika ke riƙe da shi, ga fili cike da motocin da aka ɗauko da bashin banki, ga ƙasa da wata ɗaya a rabu da su. A garin Janesville na jihar Wisconsin kuwa, masana'antar GM mafi tsufa ta fitar da jif ɗinta na ƙarshe, Chevrolet Tahoe, ranar 23 ga Disamban 2008, kwana huɗu bayan sanarwar Bush, kwana biyu kafin Kirsimeti. Ceton bai sake buɗe ta ba.

Gaskiya ne an fifita ƙungiyar ƙwadago a kan masu bin bashi?

Akwai ƙamshin gaskiya. Bankunan da suka ba Chrysler rance mai jingina na dala biliyan 6.9 sun karɓi biliyan 2, wato dala 29 a kowace 100. Asusun kiwon lafiyar tsofaffin ma'aikata na UAW, ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan mota, wanda ba shi da jingina, ya samu kashi 55 na sabon kamfanin. A al'ada mai jingina ake fara sallama. Wasu asusun fansho na jihar Indiana suka kai ƙara har Kotun Ƙoli, ta dakatar da cinikin na kwana ɗaya, sannan ta bari a ci gaba. A GM ma masu takardun bashi na dala biliyan 27 sun samu kashi 10, asusun ƙungiyar ya samu 17.5 da wasu ƙarin abubuwa. UAW kuwa babbar mai goyon bayan jam'iyyar Democrat ce, don haka masu cewa mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya ba su rasa abin nunawa ba.

Amsar gwamnati ita ce: da gwanjo aka yi, bankunan ba za su samu ko biliyan 2 ɗin ba, kuma sabon kamfani yana iya aiki ba tare da tsofaffin bankunansa ba, amma ba ya iya ƙera mota ba ma'aikata. Su ma ma'aikatan sun ba da nasu. Sun yarda ba yajin aiki har 2015, an soke tsarin da ke biyan wanda aka sallama kusan cikakken albashi yana zaune, sababbin ɗauka kuma suka ci gaba da karɓar wajen dala 14 a awa, rabin na tsofaffi. Adadin nan na sama da dala 70 a awa da aka yi ta yayatawa ba albashi ba ne, an haɗa ne da kuɗin fansho da asibitin waɗanda suka yi ritaya aka raba a kan masu aiki.

Kuɗin jama'a sun dawo?

Yawanci sun dawo, ba duka ba. GM ya koma kasuwar hannun jari a Nuwamban 2010 a kan dala 33 kowane hannu, baitulmali ya riƙa sayar da nasa kaɗan-kaɗan har Disamban 2013, ya tashi da giɓin sama da dala biliyan 10. A Chrysler giɓin ya kai kimanin biliyan 1.3. A GMAC, wanda ya koma Ally Financial, an ci riba: an sa 17.2, an karɓi 19.6. Idan aka haɗa, asarar ta kai kimanin dala biliyan 9.3.

Ayyuka nawa aka ceto?

Ba wanda zai iya ƙirga abin da bai faru ba, don haka duk adadin da ka ji hasashe ne. Wanda aka fi ambata na wata cibiyar binciken harkar motoci ce da ke Ann Arbor a Michigan, wadda ta ƙiyasta ayyuka kimanin miliyan 1.5. Cibiyar tana da kusanci da masana'antar, kuma lissafinta ya ɗauka cewa rushewar za ta ja masu ƙera sassa da yawa, kamar yadda aka bayyana a amsar da ta shafi Toyota da Honda. Masu suka suna cewa wasu za su sayi masana'antu masu kyau a gwanjo su ci gaba da aiki.

Ko da an raba adadin gida uku an ɗauki ɗaya, a sa shi a ma'auni da biliyan 9.3 ɗin. A farkon 2009 Amurka tana asarar ayyuka sama da 700,000 a kowane wata, zuwa tsakiyar shekarar kuma rashin aikin yi a Michigan ya haura kashi 14. Duk wanda ya rasa aiki, gwamnati ce za ta biya shi alawus, ta rasa harajinsa, hukumar da ke tsaya wa fansho kuma ta gaji nauyin tsofaffi. Ƙin ceto ma da farashinsa.

Gwamnati ce ta riƙa tuƙa GM?

Masu adawa sun juya haruffan GM suka ce yanzu ma'anarsu motocin gwamnati, wasu masu saye kuma suka ƙaurace masa suka koma Ford. Amma kwamitin da gwamnatin Obama ta kafa kan ceton, wanda Steven Rattner da Ron Bloom suka jagoranta, ya tsaya ne a kan manyan abubuwa: sauya shugabanni, rage bashi, rufe abin da ba ya kawo riba. Bai shiga zaɓen irin motar da za a ƙera ba. Inda siyasa ta kutsa kai sosai shi ne batun dillalai, don kowace mazaɓa tana da nata, har majalisa ta yi doka a ƙarshen 2009 da ta ba waɗanda aka kora damar ɗaukaka ƙara, wasu suka dawo. Chrysler kuwa an damƙa shi ne ga Fiat na Italiya ƙarƙashin Sergio Marchionne, da kashi 20 a farko ba tare da ya biya tsabar kuɗi ba. Zuwa Janairun 2014 Fiat ya mallake shi gaba ɗaya. Wato kuɗin Amurkawa ya ceci kamfanin da ya ƙare a hannun baƙi.

Wannan ba zai koya wa manyan kamfanoni sakaci ba?

Ita ce hujja mafi nauyi a kan ceto, kuma Chrysler ne shaidarta. A Janairun 1980 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta tsaya wa Chrysler a kan rancen dala biliyan 1.5. Shugaban kamfanin, Lee Iacocca, ya biya a 1983, shekara bakwai kafin wa'adi, gwamnati ma ta ci ribar sama da dala miliyan 300. Aka yi ta tafi. Bayan shekara 29 ga shi ya dawo bakin ƙofa. Ana iya cewa nasarar farko ce ta sa Detroit ta saki jiki, ta ɗauka ta fi ƙarfin mutuwa. Ga kuma mai ƙaramin shago ko gidan abinci da ya karye a 2009 ba wanda ya waiwaye shi.

Maganin da aka gwada shi ne a sa ceton ya yi ɗaci, kamar yadda aka lissafa a amsar waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu. Shugaban da ya ga an kori Wagoner, mai jarin da ya ga takardarsa ta zama shara, ba za su yi marmarin bin wannan hanya ba. Bankunan da aka ceto a lokaci guda ba a yi musu irin wannan aski ba, kuma mutanen Michigan ba su manta da hakan ba.

Akwai inda ceto ya ci tura, ko inda aka ƙi yi?

Birtaniya. A 1975 gwamnatin Harold Wilson ta karɓe kamfanin motoci na British Leyland, ta yi ta zuba masa kuɗi shekara da shekaru. Yajin aiki bai tsaya ba, ingancin motocin bai gyaru ba. Ya koma Rover, ya bi ta hannun British Aerospace a 1988, BMW a 1994, aka sayar da shi fam 10 a shekarar 2000, ya mutu a 2005 da ma'aikata wajen 6,000 a Longbridge. Ciwonsa na cikin jini ne, kuɗi kuma ba sa maganin motar da ba a so.

Suwidin ta ɗauki ɗaya hanyar: ta ce ba aikin gwamnati ba ne mallakar masana'antar mota, kamfanin motocinta Saab ya karye a Disamban 2011, ƙasar kuma ba ta rushe ba, domin Saab ƙarami ne. Ostareliya ta gaji da tallafin shekaru, Ford ya rufe a 2016, Toyota da Holden, reshen GM na ƙasar, a 2017. Faransa kuwa ba ta taɓa jin kunyar sa hannu ba: a 2009 ta ranta wa Renault da PSA mai Peugeot yuro biliyan 3 kowanne, da sharaɗin kada su rufe masana'anta a cikin ƙasar.

Ba gara a tallafa wa masu saye ba?

An gwada. Jamus ta ba da yuro 2,500 ga duk wanda ya miƙa tsohuwar motarsa aka murƙushe ya sayi sabuwa. Amurka ta kashe dala biliyan 3 a irin wannan shiri a bazarar 2009, aka karɓi motoci kusan 680,000. Yana motsa kasuwa na ɗan lokaci, amma da yawa daga masu sayen dama sun yi niyya, gaggautawa kawai suka yi, kuma Toyota ne ya fi kowa cin moriyar na Amurka. Ba ya sauke wa kamfani bashi.

To a taƙaice, a cece su ko kada a cece su?

A ganina abin da aka yi a 2009 ya dace, amma dalilansa ƙunci gare su. Rance ya ƙafe a duniya baki ɗaya, rushewar za ta ja lafiyayyu, akwai ɓangaren kamfanin da zai iya kawo riba idan aka sauke masa kaya, an hukunta masu shi da shugabanninsa, gwamnati kuma ta shiga da niyyar fita, ta fita. Idan aka rasa biyu daga cikin waɗannan, labarin British Leyland za a maimaita.

Kuma kamfani aka ceto, ba gari ba. Birnin Detroit, wanda ya taɓa ɗaukar mutum miliyan 1.8 a 1950 ya dawo wajen 714,000 a 2010, shi da kansa ya shiga kotun karyewa a Yulin 2013 da bashin kimanin dala biliyan 18, ba a kawo masa ɗauki irin na GM ba. A 2014 aka gano GM ya yi shekaru yana sane da matsalar makunnin wasu ƙananan motocinsa, wadda aka danganta da mutuwar mutum 124. A Maris 2019, yana cikin cin riba, ya rufe masana'antarsa ta Lordstown a Ohio.

Wannan yana da alaƙa da abin da ya sami Peugeot na Kaduna?

Akwai kama, akwai bambanci. A shekarun 1970 gwamnatin Najeriya ta haɗa gwiwa da kamfanonin waje aka kafa masana'antun harhaɗa motoci: Peugeot a Kakuri ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, ANAMMCO a Enugu, da ta manyan motocin Fiat a Kano. Duk wanda ya yi wayo a lokacin ya san Fijo 504, motar ofis, motar haya, motar ɗaukar amarya. Da darajar naira ta faɗi bayan 1986, sassan da ake shigo da su suka yi tsada, motocin Kwatano suka cika kasuwa, gwamnati kuma, wadda ita ce babbar mai saye, ta koma wasu motocin. An sayar da kamfanin na Kaduna ga 'yan kasuwa a 2006, bashi ya ci shi, hukumar AMCON mai sayen basussukan da bankuna suka kasa karɓowa ta karɓe shi a 2012.

Bambancin yana cikin amsar tambayar Toyota da Honda. Abin da ya tilasta ceton GM shi ne dubban masu ƙera sassa da ke rataye a wuyansa, da kasuwar da kowa ya san za ta dawo, ta kuma dawo, don a 2015 an sayar da motoci sama da miliyan 17 a Amurka. A Najeriya yawancin sassan daga waje suke zuwa, masu iya sayen sabuwar mota kuma 'yan kaɗan ne, babu tsarin rance mai sauƙi da zai ba ma'aikaci damar biya a hankali. Manufar motoci ta 2013 ta ɗaga harajin shigo da mota har zuwa kashi 70 don kare masu harhaɗawa a gida, amma haraji ba ya sa wa mutum kuɗi a aljihu. A 2022 wata sabuwar masana'antar Peugeot ta haɗin gwiwa da Dangote ta fara harhaɗa motoci a Kaduna. Uwar kamfanin Peugeot a yau ita ce Stellantis, wadda aka kafa a Janairun 2021 da PSA ya haɗe da Fiat Chrysler, wato Peugeot da Chrysler ɗin da aka ceto sau biyu yanzu 'yan gida ɗaya ne.